Za A Hau Sama, A Kintsa

Duk wanda ya zo wurina koyon aikin nan a cikinku, tambayarsa ta farko ɗaya ce: "Malam Habu, ina rimot ɗin?" Kun ga ƙaramin jirgi mara matuƙi ya tashi yana ƙugi a kan gona, kun gan ni tsaye a inuwar darbejiya ina motsa manyan yatsu biyu, sai kuka ce ai wannan wasan waya ne, farfela kawai aka ƙara masa. Ban ga laifinku ba. Ni ma ranar da na fara ganinsa abin da na faɗa ke nan, kuma a lokacin furfura ta riga ta yi mini sallama a gemu.

Kafin jirgi ya zo, na fi shekara ashirin ina malamin gona, ina auna ɓarna da ƙafata. In tsutsa ta ci masara, ko ruwa ya kwanta a gona, ko shanu sun shiga, ni ake kira. Kayan aikina igiya ce mai ƙulli-ƙulli, da littafi, da takalmin roba wanda ba ya rabo da faci. In taka tun daga wannan gamba ta iyaka har waccan, in ƙirga kunya, in ce kashi kaza ya lalace. Manomi kuwa bai taɓa yarda da awona ba. In na ce rabi, ya ce wallahi Malam duka ne. In na ce duka, maƙwabcinsa ya ce an ba ni goro.

Wadda ta koya mini jirgi sa'ar 'yata ce. Malama Rukayya sunanta, 'yar Ungogo, ta yi karatun safiyo, wato awon ƙasa. Wata ƙungiya mai taimaka wa manoma ce ta haɗa mu, ita da jirgi, ni da sanin hanya. Wata uku tana kirana Baba da ladabi, tana kuma fizge rimot daga hannuna ba ladabi. A wurinta na koyi cewa tashi ba shi ne aiki ba, kayan aikin su ne aiki. Batir huɗu muke da su, kowanne bai wuce minti ashirin da 'yan kai a sama, kuma ba sa son rana ko kaɗan. Da na rasa inda zan adana su, sai na ɗauke kular abincin maiɗakina, har yau ba ta daina yi mini gori a kai ba. Akwai tabarma, wadda ake shimfiɗawa jirgi ya tashi a kai don kada yashi ya shiga injinsa. Akwai farfela ta sauyi, saboda shirwa ba ta son baƙo a samanta. Sai kuma kati, ɗan abu kamar farcen yatsa, wanda duk hotunan ke shiga cikinsa.

Ga wani abu da nake so ku riƙe, don zai dawo a labarin nan. Jirgin auna gona ba ya yawo yadda ya ga dama. Layi ake zana masa a waya, ya je ya dawo, ya je ya dawo, kamar mai huɗa da shanu. Kyamararsa tana kallon ƙasa, tana ɗaukar hoto da kanta duk bayan 'yan daƙiƙu, ba ta tambayar kowa. Daga baya a haɗa hotunan a kwamfuta su zama taswira ɗaya, inda ya lalace ya fito fili, ba mai cewa an ba ka goro.

Wata rana a wajen Makoda, ƙarshen damina, Rukayya ta zuba wa taswira ido ta ce, "Baba, iska ta yi ɓarna a nan. Dubi geron nan, duk ya kwanta." Ta riga ta fara shafa masa jan launi, alamar asara. Na leƙa, sai dariya ta kama ni har na zauna a ƙasa. Na ce, "Malama, yaushe iska ta fara kwantar da gero a jere, kai gabas gindi yamma? Girbi aka yi. An kwantar da karan ne don waken da ke tsakani ya sha rana." Ta goge jan launinta. Daga ranar na sa mata suna 'yar birni. Duk inda muka je sai na ba da labarin, in ƙare da cewa ita ta san sama, ni na san ƙasa da mutanenta. Hausawa sun ce girman kai rawanin tsiya, ni kuwa na naɗa shi har da kunnuwa.

Masu kiran mu iri-iri ne. Akwai Alhajin birni mai gona a ƙauye, wanda ba ɓarnar tsutsa ce ta dame shi ba, so yake ya ga ko takin da ya aiko ya shiga ƙasa ko ya shiga kasuwa. Akwai mai jan ka gefe ya ce, "Malam, ɗan duba mini ko shukar lallen da ke iyakar nan ta matso cikin tawa." Wannan ba na yi, na mai unguwa ne. Wata tsohuwa ta taɓa tare ni a hanya ta ce in tambayi jirgin ko ya ga jar akuyarta. Na tashe shi don in faranta mata rai, sai ga akuya a cikin dawar mutane tana ta aiki. Tsohuwar ta yi mini addu'a, mai dawar bai yi ba.

To, sai shekarar da ruwa ya yi yawa. A tsakiyar damina aka yi ta zuba kamar da bakin ƙwarya, kwana da kwanaki, har fadamu suka cika suka tumbatsa cikin gonaki. Gero da dawa suka tsaya a ruwa suka yi rawaya, gyaɗa ta ruɓe a ƙasa. Ƙungiyar ta samo irin wake ɗan wuri, wanda in aka shuka shi nan da nan a inda ruwa ya janye, zai iya nuna da sauran laimar da ta rage. Amma irin bai isa kowa ba. Aka ce sai gonar da ta fito a taswira, kuma ranar Alhamis za a rufe karɓar taswira, ranar Juma'a mota ta ɗauko. Wanda ya rasa wannan, sai dai ya jira baɗi da rumbu wayam. A lokacin an mayar da Rukayya ofis a Kano, ni kaɗai ke yawo da babur, kula a baya, tabarma a gaba.

Ranar Talata da hantsi na isa wata unguwa tsakanin Dawakin Tofa da Makoda, ba zan faɗi sunanta ba. Kun san yadda ƙasarmu take: ba gonar da za ka tsaya a cikinta ba ka hango gida ba. Gidajen unguwar tara ne a kan ɗan tudu, gonakin sun kewaye su sun gangara cikin ruwa. Wadda ta fi kowacce lalacewa ita ce ta wani dattijo, Baba Sale, daga katangar bayan gidansa ta fara. Na gaisa da mai unguwa a tsaitsaye, ya ce bismillah. Hadari na haɗuwa a gabas, ni kuwa ina da sauran ƙauyuka a gabana. Na shimfiɗa tabarma a ƙofar masallaci, na zana layi, na tashi jirgi.

A layi na uku ya bi ta kan gidan Baba Sale. Sai na ji ihu, ihun mace, sannan salatin wata tsohuwa, sannan ƙarar bokiti ya kife. Kafin in gane abin da ke faruwa, sai ga dattijon ya fito daga zaure da sandarsa, dogo, siriri, hularsa a karkace. Ashe matar ɗansa ba ta cika sati biyu da haihuwa ba. Matar dattijon, Inna Lami, na yi mata wankan jego a makewayi, makewayin ƙauye kuwa kun san ba shi da rufi sai sararin Allah. Yarinyar ta ɗaga kai ta ga abu tsaye a kanta da ido ɗaya.

Baba Sale bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Sauko da shi."

Na sauko da shi.

"Me ya gani?"

Na ce, "Baba, ai gona nake ɗauka, saboda irin da za a..."

"Ban tambaye ka abin da kake ɗauka ba. Me ya gani?"

Na so in ce bai ga komai ba, amma na san kyamarata. Na ce, "Duk abin da ke ƙarƙashinsa, Baba."

Ya daɗe yana kallona, mutane sun fara taruwa. Can ya ce, "Kai ba ɗan Audu magini ba ne, na Dawakin Tofa?"

Na ce ni ne.

Ya nuna soron gidansa da sanda. "Ubanka ne ya gina wancan. Shekara da shekaru shi ke zuwa yaɓe kafin damina. Bai taɓa ɗora ƙafa a tsani ba sai ya tsaya a ƙofar nan ya yi kira sau uku, ya jira an amsa masa daga ciki. Shi da zai hau kamu goma ke nan. Kai ka hau inda ko rimi bai kai ba, ko sallama babu."

Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Na san kiran nan tun ban san harafi ba, na sha tsayawa a bayan mahaifina yana yin sa. Mai hawa soro yana yi, mai sassabe reshen bishiya kusa da gida yana yi, kowa ya san wanda zai hau inda zai hangi cikin gidan mutane sai ya sanar, mata su kintsa. Amma da yake ƙafata na ƙasa, ban taɓa ɗaukar kaina mai hawa ba.

Mai unguwa ya yanke magana a nan take: jirgi ba zai ƙara tashi a unguwarsa ba. Na yi bayanin irin, na yi bayanin Alhamis, na ce ba hoto ba wake. Baba Sale ya ce, "In da mutuncin gidana za a sayi waken, a bar shi. Wanda ya ba ni geron ya karɓe, shi zai ci da mu." Na ga fuskokin maƙwabtansa, duk suna buƙatar irin nan kamar me, amma ba wanda ya saɓa masa. Mutunci madara ne, in ya zube ba ya kwasuwa, kuma ni na zubar.

Abu ɗaya na yi daidai a ranar. Na zare katin daga jirgin, ban duba ba, na miƙa masa da hannu biyu. A cikinsa akwai aikin da na yi jiya a ƙauyuka biyu, ban kwafe ba saboda ba wuta. In ya jefa shi a murhu, su ma sun rasa iri. Kuma ba yadda za a cire hoton gidansa kaɗai sai wani ya kalla, ni kuwa ba ni da idon kallo. Ya juya katin a tafin hannunsa, ya sa a aljihu, ya shige gida.

Na koma gindin darbejiya na buga wa Rukayya waya. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "Baba, kai da ka san ƙasa da mutanenta?" Sau ɗaya ta faɗa, ba ta ƙara ba, Allah ya yi mata albarka. Da safiyar Laraba sai ga ta, daga adaidaita-sahu zuwa bas, daga bas zuwa acaɓa, kwamfuta a jaka, sabulu da zanen goyo a leda na barka. Ta durƙusa ta gaida Baba Sale, ta ce ya ba ta katin ta shiga da shi wurin mata. Ya ba ta. Na zauna a dakali kusan awa biyu, ina jin muryoyi daga ciki, da farko sama-sama, daga baya har da dariya. Ta fito da katin a hannu ɗaya, kofin kunun kanwa a ɗayan. Ta ce mai jegon da yatsanta ta goge duk hoton da katangar gidan ta fito a ciki, Inna Lami na tsaye a kanta. Ban tambayi abin da ke cikin hotunan ba, har yau ban tambaya ba. Kunun ma ba ta sam mini ba.

Ƙauyuka biyu sun tsira, amma unguwar na nan yadda take. Da na je yi wa Baba Sale godiya, cewa ya yi, "An goge na jiya. Na gobe fa?" Ya ci gaba da jan carbinsa.

Muka zauna da Rukayya muka sake zana layukan, yadda jirgi zai riƙa juyawa kafin ya kai katanga. Amma gonar dattijon manne take da gidansa, sauran gonakin kuma sai an bi ta gefenta, ba yadda za a yi mutanen gidan su kasa ganin abu a samansu. Ita ce ta tambayo matan lokacin da ya fi musu, suka ce bayan azahar, an gama wankan safe, ba a ɗora ruwan na yamma ba. Ni kuma na je wurin mai unguwa na cire takalmi na zauna a ƙasa. Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni dama in yi yadda mahaifina ke yi. Gida ɗaya ya ƙi amsawa, na naɗe tabarmata." Ya ce, "In Sale ya bari, na bari."

Alhamis bayan azahar, ranar ƙarshe, hadari ya sake haɗowa a gabas. Na bar jirgi a kan tabarma na fara daga gidan farko. Ku ɗan kwatanta, mutum mai furfura, malamin gona na shekara ashirin, tsaye a ƙofar gida yana kwarara murya: "Salamu alaikum masu gida! Za a hau sama, a kintsa!" Kunya ta kama ni a gidan farko, a na biyu ta ragu. Daga ciki sai ka ji an ce, "To, mun ji!" Wata ma cewa ta yi in dakata ta kwashe shanya. Gida takwas suka amsa.

Na bar na Baba Sale a ƙarshe. Yana zaune a kan buzu a bakin zaure, mazan unguwar sun tsaya nesa kaɗan suna kallo, Rukayya na wurin jirgi da rimot a hannu. Na yi kira na farko. Shiru. Na yi na biyu. Shiru, ko motsin kwano babu. Iska ta fara kaɗa ganyen darbejiya, na san in ruwan nan ya sauko, wake ya wuce gida tara. Na yi na uku, muryata ta shaƙe a tsakiya saboda ihun gida takwas, ta fito kamar ta ɗan zakara mai koyon cara.

Dattijon ya ɗago kai ya dube ni. Ya ce, "Wannan ce muryar? Ko akuyar gidan ba ta ji ka ba."

Ya dafa sanda ya miƙe a hankali. Ya juya ya fuskanci cikin zaure, ya sa hannu a kunne, ya ja numfashi.

"Masu gidaaa! Magini zai hau! A kintsaaa!"

Haka mahaifina ke jan kiran, daidai, har inda yake karya muryar a ƙarshe. Ya fi shekara goma sha biyar da rasuwa, ban ƙara jin kiran nan a bakin kowa ba sai ranar. Idona ya kawo ruwa a gaban mutane, ban kuma ɓoye ba.

Sai muryar Inna Lami daga can cikin gida: "Ya hau mana! Mu tun ɗazu muka kintsa, kai muke jira ka gama fushinka!"

Unguwar ta kwashe da dariya, har shi Baba Sale sai da ya juya fuska don ɓoye tasa. Na ɗaga wa Rukayya hannu, jirgi ya tashi. Batir uku muka ci, muna naɗe tabarma ɗigon farko na sauka. Dattijon ya zo ya tsaya a kafaɗata yana kallon gonarsa a waya, ruwa ya cinye ta sai ɗan gefe. Ya ce, "Ashe haka ta zama." Rukayya ta tura taswirar daga zauren masallaci kafin la'asar. Ranar Asabar suka shuka waken. Bai yi yawa ba, amma ya kai gidajen nan har rani.

Tun daga ranar ban ƙara tashin jirgi kusa da gida ba sai na yi kira sau uku an amsa, ko da kuwa ina hangen hadari. A unguwar nan kuma har yau ba mai ce mini malamin jirgi. Da sun ji babur ɗina sai mata su riƙa faɗa wa juna ta kan katanga, ɗan magini ya zo.

Don haka ku ajiye maganar rimot tukuna, ba inda zai je, yana cikin jaka. Ku tashi ku fita ƙofar gida ɗaya bayan ɗaya, ni zan zauna a nan tsakar gida. Wanda na jiyo muryarsa, shi zan fara koya wa.